Taken da Na Bar wa Hajiya Kulu

Ranar wata Laraba ce a kakar shekarar 1997, ina aji uku na firamare, la'asar ta yi sanyi, muna zaune ni da ƙawayena a gindin tsamiyar da ke bayan dangarmu a Bungudu muna carafke. Tun azahar Inna ta aike ni kalar gyaɗa a gonar da aka cire, na cika rabin ƙwarya, na ce sauran rabin Allah ya kawo, na zauna wasa. Ina kan ci, duwatsu huɗu a tafin hannuna, na biyar yana sama, sai na ji shi daga cikin gida: tsirkiya ta yi ƙara sau uku a hankali, ta ɗan tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ta gangaro da sauri. Ban jira dutsen ya sauko ba. Na tashi na zura da gudu, na yi fatali da ƙwaryar, gyaɗa ta watse, takalmina ɗaya ya tsaya gindin tsamiya, ɗaya ya raka ni har zaure. Na tarar da Baba zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakinsa, jitarsa a cinya, yana murmushi. Na ce, "Ga ni, Baba." Ya ce ba komai, so yake kawai ya ga ko kunnena yana nan. Kafin in koma awakin maƙwabta sun yi wa gyaɗar tas, ranar na sha rankwashi har biyu wurin Inna, amma ko a jikina.

Wannan kiɗan shi ne takena. A wajenmu kowa ya san take: kiɗa ne da ake yi wa mutum ɗaya, manomi ko mahauci ko ɗan dambe, wanda in ya ji shi ko a ina yake ya san da shi ake. Sai dai take abin manya ne, kuma da ganga ko kalangu ake yin sa. Duk garin ban san wasu yara masu take ba in ba mu ba, ballantana na jita. Baba ba makaɗi ba ne. Mai gyaran rediyo ne, Malam Sani mai rediyo, yana da rumfa a bakin titin da ya taho daga Gusau, cike da matattun rediyoyi da ƙaurin dalma. Jitar kuwa wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya koya masa a Gusau tun yana saurayi yana koyon gyara, da mutumin ya tashi komawa garinsu can kudu sai ya bar masa ita. Tsohuwa ce tukuf, bayanta ya tsage an liƙe da danƙo, kuma in tsirkiya ta tsinke ba sabuwa ake saye ba, wayar birkin keke Baba yake warwarewa ya zaro siririya ya ɗaura.

Inna ta ce na kusa shekara biyu ban taka ba. Ba ciwo nake ba, taurin kai ne kawai, wanda ta ce har yau ba ta ga ya ragu ba. An yi jiƙe-jiƙe, an sayo keken koyon tafiya na katako, na ƙi. Sai wata rana Baba ya zauna nesa da ni kaɗan, ya ɗauki jita ya fara wannan kiɗan, yana rera wasu 'yan kalmomi da ya haɗa nan take: "Hajo taso, Hajo taso, ƙasa ba ta cizo." A rana ta uku na miƙe na tafi wurinsa da ƙafata. Tun daga nan kiɗan ya zama nawa. Yayana Bello yana da nasa, ƙanena Sada ma aka yi masa, amma su in sun ji nasu sai sun gama abin da suke yi tukuna su taho suna jan ƙafa. Ni kaɗai ce mai gudu, kuma ina alfahari da haka ƙwarai.

Rayuwar gidanmu ba ta da wani abin ba da labari in ban da wannan sa'a ɗaya tsakanin la'asar da magariba. Da safe mu sha koko mu tafi makaranta da tsintsiya a hammata, a share fili, a yi layi, a duba farce. In an taso in ɗebo ruwa a rijiyar unguwa sahu huɗu, in wanke kwanoni da toka, in tsince wake, in ba tumaki dusa. Da damina kuwa ranakun da ba makaranta mukan tafi gonarmu ta wajen Kekun Waje, ni da ƙwaryar fura a ka, Yaya Bello da fartanya, mu wuni muna cirar ciyawa a gindin gero, in ya fara ido mu koma korar tsuntsaye da gwangwani. Jita ba ta zuwa gona, ba ta zuwa rumfa, ba ta ma fita zaure. Sai Baba ya rufe rumfa ya dawo, ya yi sallah, ya wanke hannunsa da sabulu, sannan ya sauko da ita daga ƙusar da take rataye. Inna tana surfe, sai ka ji taɓaryarta ta bi kiɗan ba tare da ta sani ba. Bafillatanar da ke kawo mana nono takan tsaya ta daɗe tana ƙirga ludayi ɗaya sau uku don dai kada ta tafi. Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, takan juya baya tana kaɗin auduga wai ita ba ruwanta da wannan shirme, amma ni na sha ganin babban yatsan ƙafarta yana motsi. Da ladan ya ɗaga murya Baba zai dafe tsirkiyoyin da tafin hannu, ko da a tsakiyar kiɗa ne, ya mayar da ita ƙusa.

A makaranta wannan jita ta jawo mini faɗa ba adadi. In muna gaɗa a hutun ƙarfe tara aka ɗan samu saɓani, ba abin da ake fara jifata da shi sai "ɗiyar maroƙi." Ni kuma ba a faɗa mini haka in ƙyale, na yaga wa 'yan mata kallabi da yawa a bayan aji. Gwaggo ce ta ba ni amsar da ta fi duka zafi. Ta ce maroƙi shi ne wanda ake liƙa wa kuɗi a goshi, ya karɓa ya yi godiya. "Ki ce masu ubanki ba a taɓa liƙa mai ko kwabo ba. Don ranai ya ka kiɗi, ba don aljihun kowa ba." Ita a wurinta iyakar ke nan, kuma iyaka ce mai kauri. Gidanmu manoma ne da masu sana'ar hannu, ba a gaji roƙo ba. Muddin kiɗan bai wuce danga ba, tana iya kawar da kai.

A shekarar da ta biyo baya abubuwa suka fara tsuke wa Baba. Ƙananan rediyoyi masu araha suka cika kasuwa, in ta lalace mutum ya ba yara su yi wasa da ita ya sayi wata, ba mai kawo gyara. Sai ya wuni a rumfa yana kora ƙuda. Geronmu na wannan shekarar bai yi kyau ba, Inna kuma tana da ciki. A cikin wannan hali ne wani makaɗin kalangu daga Tsafe, Ɗanjimma, ya kawo gyaran lasifikarsa. Dogon mutum ne mai fara'a da hular da kullum take karkace, ya gaji kiɗa kaka da kakanni. Gyaran ya kai su har yamma, Baba ya taho da shi gida cin tuwo, ya ga jita a ƙusa, ya ce sai an taɓa masa. Da ya ji, sai ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya ce tun da Gusau ta zama babban birnin jiha bukukuwa sun yawaita, ma'aikata sun cika gari, kuma su sabon abu suke so. In aka haɗa kalangu da wannan, ba mai kama su. Gwaggo daga bakin ɗakinta ta yi tsaki mai ƙarfi. Ɗanjimma bai ji haushi ba, ya juya ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Gwaggo, sana'a ta. Da ita ubana yac ciyar da mu, da ita yat tahi Makka. Ba sata ba ta." Gwaggo ta ce ita ba ta ce sata ce ba, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Baba ya yi mako biyu yana juya maganar, sannan ya amsa. Da hannunsa ya ƙera wa jitar wata 'yar na'ura daga kayan matattun rediyoyi, ya manna a cikinta, ya ja waya zuwa lasifika. Ranar da ya gwada a tsakar gida kaji suka watse, Sada ya fashe da kuka. Aka ɗinka masa riga iri ɗaya da ta 'yan amshin Ɗanjimma. Daga nan jita ta fara fita, ranar Juma'a ko Asabar, a cikin buhun da Inna ta ɗinke masa, ya hau mota zuwa Gusau. Ba zan yi ƙarya ba, mun ga amfanin abin. Nama ya dawo cikin miya, aka ɗinka mini sabon yunifom, aka sayo mini takalmin roba mai maɗauri. Amma sa'ar nan ta la'asar ta fara ramewa. In yana gida, kiɗan mutane yake maimaitawa, wanda Ɗanjimma ya ce a koya, ya yi ya sake, fuskarsa a ɗaure kamar mai gyaran rediyon da ta ƙi kamawa. Taɓaryar Inna ta daina bin sa. A makaranta kuma aka ce mini ɗiyar maroƙi, sai na yi kamar ban ji ba. Abin da ya rage mini ɗaya ne, ina riƙe da shi a raina: ko duniya duka za ta ji jitar Baba, takena nawa ne, kuma har lokacin yakan kira ni da shi jefi-jefi.

Ana saura 'yan makonni azumi, lokacin da bukukuwa suke cunkushewa, aka aiko wa Inna goron biki daga Tsafe. Ɗiyar wata ƙawarta ta ƙuruciya za a aurar. Cikin Inna ya tsufa ba ta iya shiga mota, sai ta haɗa gudummawa a kwalla, ta ce Gwaggo ta kai, ni in ɗaukar mata. Murna kamar ta kashe ni, don ban taɓa wuce Gusau ba. Baba ya riga ya fita tun jiya da jitarsa, mu dai mun san Gusau ya tafi, ba wanda ya tambayi inda za su yi wasa. Muka sauka tashar Gusau muka canza mota, ina leƙen taga ina ƙirga duwatsun hanya har muka isa. Gidan bikin cike yake da mata, tukwane a jere, hayaƙi ko'ina. Aka tura mu yara bayan ɗakin girki, aka ba mu shinkafa a faranti ɗaya, da muka gama aka ce mu taya wanke-wanke. Bayan la'asar muka ji an ta da janareta a ƙofar gida, kalangu ya fara. Ban kula ba, hannuna yana cikin ruwan kumfa, ina gardama da wata yarinya a kan wadda za ta yi ɗauraya.

Sai na ji shi. Sau uku a hankali, ɗan tsayawa, sannan gangarowa. Da ƙarfi yake fitowa ta lasifika, amma shi ne, ba ko tantama. Ban yi tunanin komai ba, ban tambayi kaina me ya kawo Baba Tsafe ba. Na saki kwanon da ke hannuna, na ratsa mata, na tsallake wani yaro, na bi ta zaure, na kutsa tsakanin ƙafafun mutane har na faɗo tsakiyar fili, zanena jiƙe, kumfa har gwiwar hannu, na ce da iyakar muryata, "Ga ni, Baba!" A tsakiyar filin akwai wata mata babba, mai jiki, cikin leshi, tana tsaye tana taka rawa a hankali, hannunta cike da sababbin kuɗi tana liƙa wa Baba a goshi. 'Yan amshi suna rerawa: "Kulu taso, Kulu taso." Sanƙira, wato mai shelar kyauta, yana ta kururuwa cewa Hajiya Kulu mai hatsi ta ba da turmin shadda. Mutane suka ga 'yar jiƙaƙƙiyar yarinya ta tsaya ƙerere gaban Hajiya, suka kwashe da dariya. Baba ya ɗago ya gan ni. Na ga hannunsa ya yi kamar zai tsaya, Ɗanjimma ya matso da kalangu ya ɗan zungure shi da gwiwar hannu, sai hannun ya ci gaba. Idonsa yana kaina, kuɗi suna zubowa ta fuskarsa, yana kaɗa takena da sunan wata. Gwaggo ce ta zo ta kama hannuna ta fitar da ni, muka kama hanyar Bungudu.

Daga baya na ji yadda aka yi. Hajiya Kulu gwaggon ango ce, babbar mai sayar da hatsi, ta miƙe tsakiyar wasa ta ce ita fa sabon kiɗa take so, nata na kanta, ba wanda aka taɓa yi wa kowa a fili ba. Ɗanjimma ya juya ya ce wa Baba ya ba ta. Makaɗin gado yana da rumbun kiɗa, a tashe shi daga barci ma zai zaro wani abu. Baba ba shi da rumbu, 'yan kaɗe-kaɗen da yake da su duka na mutanen da yake so ne. Da ya rikice, sai yatsunsa suka tafi inda suka fi sabawa. A lokacin wannan bayani bai shiga kunnena ba. Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba, na daina kai masa ruwan alwala, in ya shigo in shige ɗakin Gwaggo. Da daddare na yi ta kuka a zanenta, ita kuma da nake jiran ta ce ai ta faɗa, sai kawai ta riƙa shafa mini kai.

Kwana biyar bayan haka Baba ya kira ni zaure, da baki, da sunana. Na tarar da Ɗanjimma zaune, ga turmin shadda da wani ƙullin kuɗi a hankici a tsakaninsu, ba a taɓa ko ɗaya ba. A gabana Ɗanjimma ya faɗi ƙa'idar sana'arsu. In aka yi wa mutum take a fili, ya tashi ya taka, ya yi kyauta aka karɓa, to ya zama nasa. Ba a yi wa wani, ko a cikin ɗaki ne, in ba haka ba an ci amana. Baba ya ce shi ya sa zai mayar da kyautar ya roƙi Hajiya ta sakar masa kiɗan. Ɗanjimma ya dafe kai. Ya ce makaɗi bai taɓa mayar da kyauta ba, zagi ne. In Hajiya ta ji haushi ba ɗan kasuwar Tsafe da zai sake kiran su, kuma shi dole ya sallami Baba don ya tsira da sauran yaransa. Baba ya dubi cikin gida inda Inna take jan ƙafa da tsohon ciki, sannan ya ce, "Na ji. Amma ba nawa na ba da ba, na ɗiyata na." Ya ce in shirya, ranar Asabar da ni za a je.

Muka isa gidan Hajiya Kulu da hantsi. Buhunan dawa da gero jibge har saman zaure, ita kuma tana zaune bisa tabarma cikin tsohon zane, ba leshi ba gwal, tana duba masu awo. Ta gane ni nan take, ta yi dariya ta ce, "A'a, mai kumfa!" Ta sa aka dama mini fura da nono mai yawa, ta zaunar da ni kusa da ita. Baba ya durƙusa, ya ajiye shaddar da ƙullin, ya ba ta labari tun daga rashin tafiyata. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta juya mudun da ke hannunta. Ta ce ita ba ta san uwarta ba, ba ta san ubanta ba, a hannun dangi ta tashi, tana da shekaruna take tallar ƙuli-ƙuli a tasha. "Maroƙa nawa sunka yi man waƙa, Malam, dut jakata su ka kira. Wanga kiɗi da nij ji shi, ni yak kira. Ashe na kiran ɗiya na." Ta ture shaddar gefen Baba ta ce ya ɗauke kayansa, ita ba a mayar mata da kyauta, kuma ba ta yi fushi ba. Maganar kiɗa kuwa, tun da ba nasa ba ne, ba shi ke da ta cewa ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗiyata, in kina son abinki, na maido maki yanzu. Kina so?"

Ina so mana. Ina so ƙwarai. Amma ni an yi mini tarbiyya irin ta gidanmu: in babba ya miƙo maka abu, ba ka cafkewa. Ko yunwa za ta kashe ka, a gidan mutane cewa kake ka ƙoshi. A sake yi maka tayi ka sake ƙi. Sai a na uku ka sunkuyar da kai ka karɓa. Inna ta sha murɗe mini kunne a kan wannan. Ga matar nan ta ba ni fura, ta kira ni ɗiyarta, idonta ya ciko. Na dubi tabarma na ce, "Na bar maki." Baba ya ce, "Hajo, ki faɗi gaskiya." Hajiya ma ta ce, "Har zuciyarki?" Na ƙirga a raina, wannan na biyu ke nan, na ce, "Har zuciyata." Na zauna ina jiran na uku, amsata tana bakin leɓe. Ban san Hajiya 'yar kasuwa ba ce, a kasuwa kuwa in an ce an sallama, an sallama. Ta jawo ni ta rungume, tana sa mini albarka, hawayenta yana sauka a kallabina. Ta kira masu awo tana nuna ni, wai su ga yarinya mai zuciyar manya. Aka cika mana ƙwarya da gyaɗa, aka raka mu har bakin titi.

A tasha Baba ya saya mini rake, muka zauna a benci muna jiran mota ta cika. Ya tambaye ni dalili. Na ce jira nake ta tambaya sau uku. Ya dube ni, ya fashe da dariya har yana dafe ciki, sai kuma dariyar ta tsaya cak, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Da ya buɗe ya ce mu koma, shi zai yi mata bayani. Na ce a'a. Bayan albarkar nan da hawayen nan da aka tara mini mutane, ko za a yanka ni ba zan iya komawa in ce na fasa ba. Ya ce, "Laihina na, Hajo, ba naki ba." Na ci gaba da shan rakena ina kuka, shi kuma ya riƙe mini ɓawon a hannunsa har motar ta tashi.

Baba bai rasa wurinsa ba. Ya ƙara kamar shekara ɗaya tare da Ɗanjimma, da wannan sana'a aka yi sunan ƙanwata, da ita muka ga kakar gaba. Duk bikin da Hajiya Kulu take, yakan yi mata takenta ta tashi ta taka, kuma bai sake kaɗa shi a gida ba ko da wasa, domin Baba mutum ne mai riƙe alƙawari har ya ba ka haushi. Amma daga ranar ya raba kiɗansa biyu. Na kasuwa a rumfa yake koyonsa, yana zaune cikin rediyoyi, ya tara su da yawa don kada a sake rutsa shi hannu wofi. Na gida kuwa bai sake tsallake danga ba. Taken Yaya Bello da na Sada ba wanda ya taɓa jin su ta lasifika. Sa'ar la'asar ta dawo, taɓaryar Inna ta koma bin sa. Da zamani ya juya kiɗan biki ya ja baya a wajenmu, sai ya cire 'yar na'urar daga cikin jitar, ya koma gyara, ya koyi na talabijin. Ya yi mini wani sabon take, mai daɗi ƙwarai, ya fi na farkon ado. In na ji shi nakan taho, amma da tafiya.

Yanzu ina Gusau da 'ya'yana huɗu. Babban ya samo jita wurin abokinsa, yana koyo ta waya, kuma tambayarsa ta farko ita ce ko ana samun kuɗi da ita. Ban yi masa tsaki irin na Gwaggo ba, Allah ya jiƙanta, don na san miyar da na sha da kuɗin jita, kuma ban taɓa ganin laifin Ɗanjimma ba. Na dai ce masa ya yi rumbu biyu tun yanzu. Yaran yau kiɗa ya yi musu yawa, a aljihu suke yawo da shi, kowa da abin toshe kunnensa, amma ban ga wanda yake da guda ɗaya nasa na kansa ba. Hanyar Tsafe da muka bi ina leƙen taga, yau sai mutum ya yi addu'a ya ƙara kafin ya hau ta. Hajiya Kulu ta daɗe da rasuwa. Da na ji labari na ce a raina ai kiɗan ya zama ba mai shi, in na je Bungudu zan ce Baba ya yi mini. Na je sau da yawa, mu yi hira, ya dube ni in dube shi, in ce bari dai sai wani zuwan. Mace da 'ya'ya ta zauna tana roƙon kiɗan koyon tafiya, ai da kunya. Bara da Sallah na daure na faɗa. Ya yi murna kamar yaro, ya ce a sauko masa da ita. Aka ɗora masa a cinya, ya kai hannu, yatsun suna rawar tsufa, suka kasa danne ko tsirkiya ɗaya. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya dube ni ya ce in yi haƙuri. Ni ce na ce masa ba komai. 'Ya'yana mata na koya musu kunya daidai gwargwado, amma na ce in aka tambaye su abin da ransu yake so, su faɗa tun a karon farko. Ni na koyi cewa ina so, amma a makare.